Bakin Nicolasa

Nicolasa tana sayar da alewar kwakwa a bakin tekun tsibirin Baru tun kafin a yi gada, lokacin da sai da kwalekwale ake zuwa. Doguwa ce, tana yawo da tire a ka, kuma ban taɓa ganinta da takalmi ba, ko da rana ta take farin rairayin nan ya ɗau zafi. Da tiren nan ta aurar da 'ya'yanta mata. Amma an fi saninta da bakinta. Mai tumbi ya wuce, sai ta tambaye shi yaushe zai haihu. Masunta kan canja hanya idan suka dawo ba kifi, don kada su haɗu da ita.

Ɗanmu Tadeo ya rasu a hatsarin babur da damina. Daga ranar jana'iza mijina Efrain bai sake ambatar sunansa ba. Da abokai suka lura, su ma suka daina. Gida ya zama kamar yaron bai taɓa zama a cikinsa ba, ni kuma ina tsoron haka za mu ƙare.

Da ƙyar na shawo kansa wata Lahadi muka koma tsibirin, inda muka saba zuwa da Tadeo. Mai rumfa ya ba mu kujeru yana kallon ƙasa. Can na hango tiren Nicolasa na tahowa. Na san in ta faɗi abin da bai dace ba, Efrain zai tashi, kuma ba zai ƙara dawowa ba.

Ta tsaya a kanmu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka rame. Ƙanwata ta daina yi maka girki ne?"

Ya kau da kai, ya dubi teku.

"Labari ya iso ni," ta ce. "Na kunna wa Tadeo kyandir a coci, duk da ɓarnar da ya yi mini. Kun tuna ranar da ya ce shi ma zai iya ɗaukar tire? Yana ɗan ƙarami, ya yi tuntuɓe da igiyar kwalekwale, alewata duk ta zube. Ita fara, rairayi fari, ba ka iya rabewa. Ya zauna yana tsinta yana ci, haƙora na ƙaras-ƙaras, wai kada a yi asara."

Efrain ya dafa hannun kujera. Na zaci tashi zai yi.

"Ba igiya ba ce," ya ce a hankali.

"Igiya ce mana. Tirena ne ko naka?"

"Kuma ba ƙarami ba ne, gashin baki ya fara fito masa. Jikarki ce Tadeo yake kallo, ya manta da ƙafafunsa."

"Ka ji ɗan banzan yaro. Shi ya sa ya nace sai ya taya ni." Ta sauke tiren a kan rairayi, ta zauna kusa da ƙafarsa. "To ba ni labarin daidai, tunda ka fi ni sani."

Ya fara, yana tsayawa yana ci gaba. Wasu baƙi a rumfar gaba suna ta kiranta su sayi alewa. Ta ɗaga musu hannu ba tare da ta waiwaya ba.

"Ku jira," ta ce. "Malam na magana."