Randar Inna da Lasifikar Malam

Cikin duk kayan da aka kai ni da su Gwandu, babu abin da na fi ji da shi kamar randata. Inna, mahaifiyata, ita ta gina ta da hannunta a Kalgo, kuma daga ita ba ta sake gina wata ba. Bayan bikina zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya ya tafi da kunnuwanta. Maginiya kuwa da kunne take sanin tukunya: ta ƙwanƙwasa, in ta amsa tas ta gasu, in ta yi dum-dum akwai tsagu a ɓoye. Inna ta ce ba za ta sayar wa mutane abin da ba ta ji amsarsa ba, ta ajiye sana'ar.

Randar nan in kin sha ruwanta a tsakiyar bazara sai haƙoranki sun amsa. Da azumi maƙwabta har kwano suke aiko mini.

To, sai ga Malam, maigidana. Malamin firamare ne, ba ruwansa da hayaniya, amma in abu ya shiga kansa sai dai ku yi ta addu'a. Shekarar da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato ya sayi bidiyo a hannun wani abokin aikinsa da aka mayar Birnin Kebbi. Duk ranar da aka kawo wuta, bayan la'asar, falonmu cike yake. Kowa na murna ban da mai abin.

"Hoto ya yi," in ji shi, "amma murya ba nauyi. A silima a Sakkwato, in aka buga ganga a fim ɗin Indiya, a ƙirjinki za ki ji ta. Wannan kuwa kamar ana dukan gwangwanin madara."

Na ce, "Malam, ƙirjina lafiyarsa lau, ba ya neman a doke shi."

Ai kamar na zuga shi. Ranar kasuwar Jega ya dawo da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, yana ta washe baki wai ya samu araha. Ashe irin ta masallaci ce, ta kiran salla. Da aka haɗa, jarumar fim ta buɗe baki, wallahi sai da awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ƙara kam akwai, ƙugin da yake nema ne babu. Ya kai ta masallacin unguwa sadaka, liman ya yi ta sa masa albarka. Ni kaɗai na san asalin ladan nan.

Ta biyu ya samo ta wajen wani mai gyaran rediyo, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ɗaura mata 'yar lasifikar tsohuwar rediyonsa. Baiwar Allah ta yi iya yinta, ta yi tari, ta yi hayaƙi, gidan ya cika da ƙaurin roba. Mai gyaran ya ce masa ai ya ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi ne, dole ƙarfin lasifika ya yi daidai da na amfilifaya. Daga nan Malam ya zama masani. Ya riƙa ɗaga lasifika yana auna nauyin maganaɗisunta a tafin hannu, ya danna takardar fuskarta da babban yatsa ya ga ko tana dawowa, ya taɓa mata batir ya ga tsallenta. Duk wannan karatun ni ake yi wa, ina tuƙa tuwo. A ƙarshe ya shigo da wata lasifika mai faɗin faifai.

Saura gidan da za ta zauna. Kafinta ya buga akwati, akwatin ya riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi. Sai mai gyaran nan, Allah ya yafe masa, ya ce babu abin da ke fid da ƙugi kamar tukunyar ƙasa.

Na fito daga ɗaki na tarar da malamin makaranta guda, mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ya tsugunna ya cusa kai cikin tulu yana cewa "hummm." Ya bar tulu ya koma tukunyar rini, ya koma ta jiƙo. Da ya doshi randata na ce, "Kul!" Ya cusa kai duk da haka. Randar ta amsa masa da wata murya da ni kaina sai da na ji ta a tafin ƙafa. Ya ɗago, idonsa na ƙyalli.

"Aro," ya ce. "Na yini ɗaya."

"In ka huda ta, ka nemo mini motar Kalgo."

Bai huda ba. Ya juye ruwan, ya bari ta bushe, ya kifa lasifikar a bakinta, ya naɗe gefen da robar tayar keke. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi. Ganga ta buga, murafen kwanonina suka kama rawa a kan kanta. Yini ɗaya ya zama mako, mako ya zama wata, ni kuwa ina shan ruwan bokiti mai ɗumi ina harararsa.

Ana haka aka aiko cewa Inna na zuwa ganina. Aikin hannunta na ƙarshe, ta zo ta same shi ba ruwa, an toshe masa baki da roba ana kallon 'yan rawa! Na ji tsoron ranta ya ɓaci, ta ɗauka na raina abin da ta ba ni. Na ce wa Malam ya kwance kayansa. Ya ce to, gobe. Goben nan tasa ba ta zo ba, Inna ta riga ta.

Bayan la'asar Inna ta iso, an kawo wuta, falo cike, fim ya yi nisa. Ba ta ji komai ba, sai dai ta shigo ta ga mutane sun zuba wa talabijin ido. Malam ya zube ƙasa yana gaisuwa, kansa a sunkuye. Ga kunyar suruka, ga shi ba ta ji sai an ɗaga murya, shi kuwa ina zai iya yi wa surukarsa ihu? Sai bakinsa kawai ke motsi. Ita ma ba shi take kallo ba. Ta hango randar.

"Ke, mi kunka aza ma wagga randa?"

Ta ratsa mutane ta isa gare ta. Ta lanƙwasa yatsa za ta ƙwanƙwasa, irin yadda hannunta ya saba, sai ta tuna, ta fasa, ta shimfiɗa tafinta a jikin randar kawai. Daidai nan aka saki ganguna a fim.

Ta fizge hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta dube ni. Ta mayar da hannun a hankali, ta ƙara ɗayan, ta durƙusa ta manna kumatunta a jikin randar. Ta bi ta da tafi daga wuya har gindi, ta zagaya, kamar mai laluben ƙaya. Falon ya yi tsit, sai ganga. Ni dai hawaye ya riga ya zubo mini, don rabon da in ga fuskarta haka tun kafin ciwon.

"Ta gasu," ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Babu tsagu ko guda. Na ji ta, ɗiyata. Na ji ta."

Sannan ta juya kai gefe, don ba a kallon suruki ido da ido, ta ce da ni, "Ce ma shi ya ƙara."

Malam ya rarrafa ya murɗa amfilifayar har ƙarshe.

Randata ba ta sake ganin ruwa ba. Da Inna za ta koma Kalgo, ita da bakinta ta ce kada wanda ya kuskura ya kwance robar nan, tana nan dawowa bayan girbi. Na ci gaba da shan ruwan bokiti, Malam kuwa duk ya gan ni da moɗa sai ya kau da kai yana danne dariya.