Tebur Daidai Ƙirjinsa

Da ciwon baya ya matsa wa maigidana, likita ya hana shi dogon zama, ga shi aikinsa duk rubutu ne a gidanmu na Kazaure. Wata guda muna kwatanta tebura biyu masu ɗagawa don aiki a tsaye. Na nace kan mai hannun murɗawa saboda ɗaukewar wuta, shi kuwa da taurin kansa ya sayi mai maɓallin lantarki, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa. Sati uku ya mora, Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya zo daga Roni, ya kai hannu zai sauke teburin, wai gwaji. Na fizge wayar daga bango. Tsayin maigidana ke nan, ba mai rage mini shi.