Ranar da Batirin Mang Eusebio Ya Cika

Shekara talatin Mang Eusebio yana jan motar hayar da ake kira jifni kafin gwiwa ta hana shi taka kuloci. Sai ya sayi keke mai ƙafa uku na lantarki, ya shigo layinmu, mu masu sauko da 'yan kasuwa daga kan dutse.

Abin alfaharinsa ɗaya ne: ba ya taɓa birkin hannu. Da ya kama gangara sai ya saki totur, injin ya riƙe keken da kansa yana mayar da wuta cikin batir.

"Ku kuna ƙona takalmin birki a banza," in ji shi. "Ni gangara ce ke ciyar da ni."

Mukan yi dariya. Aling Perpetua mai gyaran kekunanmu ita ba ta yi.

"Kuya," ta ce masa, wato yaya, "tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. Ran da batirin nan ya cika maƙil, injin zai sake ka. Kawo in duba wayar birkinka, damina ta ci ta."

"Gobe," ya ce. Aka yi wata huɗu ana gobe.

Kullum da rabin caji yake fita. Wata Asabar 'yarsa ta zo ganin gida, ta ga keke a tsaye, ta jona masa wuta don kyautatawa, har batirin ya cika maƙil. Bai duba ba. Ya ɗauki Aling Nenita da kwandunan kabejinta.

Ina bayansu. A kwanar farko ban ji kukan nan da injin ke yi in yana riƙewa ba. Shiru kawai, keke yana ƙara gudu. Na ga ya damƙe birki, wayar ta tsinke. Gaba kuwa gada ce, ƙarƙashinta kwazazzabo.

"Riƙe ƙarfe, Nenita!"

Ya karya kan keken cikin gonar ayaba. Kututture uku suka kwanta kafin ya tsaya. Ita ta karye a hannu, shi haƙarƙari biyu.

Bai sake tuƙi ba. Yanzu a bakin layi yake wuni, yana matsa birkin duk keken da zai sauka. Samarin layin cewa suke tsoho ya taɓu.

Makon jiya aka kafa wurin caji a can saman dutse. Kowa na murna, kowa na cika batir kafin ya gangaro.