Hannun Ilu Mai Igiya

Yayana Ilu igiya yake tufkawa. A wurin mahaifinmu ya koya, a Ɗanzomo, kuma shekara talatin da 'yan kai bai yi wata sana'a ba sai ita, sai noman gero da riɗi in damina ta faɗi. Da rama yake yi, da kaba, daga baya har da zaren buhun taki. Kowace Alhamis yakan ɗaure kayansa a bayan babur ɗina mu tafi kasuwar dabbobi ta Maigatari. Ni in shiga wajen awaki inda nake dillanci, shi ya baje a rumfarsa kusa da masu raƙuma. Mutanen Dungas da Magarya duk sun san shi. Wani Buzu ya taɓa ce mini akalar da ya saya hannun Ilu ta yi wa raƙumi biyu aiki, na farkon ya mutu ya bar ta.

Ba mai yawan magana ba ne. In mai saye ya ce igiyar ta yi tsada, sai ya miƙa masa bakinta ya ce, "Ja." Iyakar cinikinsa ke nan.

Shekara biyu kafin abin ya faru aka gaya masa yana da hawan jini. Ya sha magani wata uku, da ya ji ciwon kan ya tafi sai ya daina. Matarsa Zinariya ta yi mita har ta gaji. Ni kuwa ban taɓa sa baki ba, don ban saba yi wa yayana faɗa ba.

Ranar da ya faɗi da hantsi ne, bayan girbi. Ismail mai shayi, maƙwabcin rumfarsa, ya zo ya janye ni daga cikin ciniki.

"Usaini, zo ka ga ɗan'uwanka."

Na tarar da shi kwance a kan igiyoyinsa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Yana kallona, yana son magana, harshen ya ƙi. Abin da na ga ana yi wa wanda ya suma shi na yi: na ɗaga shi na jingina da ginshiƙin rumfa, na ɗura masa ruwa. Ya ƙware, ya yi ta tari, idonsa ya yi ja. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ce jifa ne. Ismail kaɗai ya ce a nemi mota a kai shi asibiti Gumel. Na ce gida ya fi, mu fara da addu'a.

Muka zaunar da shi a babur tsakanina da wani ɗan garinmu. Duk tsawon hanyar ina jin kansa yana bugun bayana, yana lilo, in mun faɗa rami hannun nan da ya saki ya yi ta reto.

Kwana huɗu ya yi a ɗaki. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an shafa masa man shanu da tafarnuwa. Na kwantar da shi a tabarma ta gefen dama, don fuskarsa ta kalli ƙofa ya riƙa ganin masu zuwa dubiya, hannun yana danne a ƙarƙashinsa yini guda. In za a tayar da shi, ni ne mai ƙarfi, sai in kama wannan hannun in ja. Har nakan miƙar da shi da ƙarfi safe da yamma, wai kada ya sandare. Ilu yakan runtse ido, hawaye ya zubo ta gefe ɗaya. Na ɗauka baƙin cikin ciwo ne.

A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana wata irin ƙara. Zinariya ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a ka.

"Usaini, ko ka kai Malam asibiti, ko ni in kai shi."

A Gumel muka haɗu da Sista Paulina, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato da ta daɗe a ƙasar nan har Hausarta ta fi ta wasunmu. Bayan likita ya duba shi an sa masa ruwa, ta kira ni gefe ta yi ta tambaya. Yaushe ya faɗi? Me aka ba shi? A me aka ɗauko shi? Yaya yake kwanciya? Na amsa mata duka.

"Malam Usaini, shanyewar ɓarin jiki ce," in ji ta. "Jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ce ke toshewa, ko ta fashe. A awannin farko wajen nan bai gama mutuwa ba, ɗan jinin da ke isa gare shi yake riƙe da shi. Wani a shimfiɗe ake kwantar da shi jinin ya samu sauƙin kaiwa, wani dole a ɗan ɗaga kansa. Likita ke dubawa ya faɗa. Amma ba wanda ake zaunarwa a babur. Kuma ba a ba shi ruwa sai an tabbatar yana iya haɗiya. Ruwan da kunun da kuka ba shi, wani ya bi ta huhu, shi ya kawo zazzaɓin nan."

Na ce, "Da mun kawo shi ranar, da ya warke?"

"Wannan Allah kaɗai ya sani, ba zan yi maka ƙarya ba." Ta kai ni gadon Ilu, ta ɗaga rigarsa ta nuna mini kafaɗar, inda ƙashi ya zame har yatsa biyu za su shiga. "Amma wannan ba ciwon ne kaɗai ya yi ta ba. Jan hannun ne."

Na fita na zauna a gindin dalbejiya har aka kira azahar.

Mako uku muka yi. Sista Paulina ta koya mana juya shi kowace awa biyu, da sa matashi a ƙarƙashin hannun ya miƙe a gabansa, da wani tsakanin gwiwoyi. Ta koya mana zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, da tallafo shi ta baya da ƙugu in zai tashi. Zinariya ta fi ni saurin ɗauka.

Ilu ya tashi. Bayan wata biyar yana takawa da sanda, yana jan ƙafa, maganarsa ta dawo a hankali kamar mai zaɓar tsakuwa a shinkafa. Hannun dai bai buɗe ba. Yatsun sun dunƙule, kafaɗar kuma tana hana shi sakat in sanyi ya shigo. Ya gwada tufka da hagu, ya danne bakin igiyar da ƙafa, ta fito sako-sako. Ya dube ta, ya ce wa Zinariya ta ɗaure itace da ita.

Bara da rani na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya daɗe kafin kalmomin su taru.

"Abin da ka sani ka yi. Ni ma na san magani, na bari."

Sannan ya ce in na je Maigatari in gaya wa sarkin kasuwa a ba wani rumfar, kada a ci gaba da ajiye masa ita. Alhamis uku ina zuwa ina dawowa ban faɗa ba. A ta huɗu na faɗa.