Ni Na Goge Rumbun Malam Modu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shara Yaya ya shigo riƙe da waya, ya ce Malam Modu yana cikin waɗanda bam ɗin jiya ya rutsa da su a tasha.

Ni ce silar zamansa a tashar nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma.

Waɗanda muka yi ajin kwamfuta tare a unguwar Hammadu Kafi kun san shi. Malaminmu ne. Daga Borno ya gudo da matarsa da jaka ɗaya, Alhaji mai makarantar ya ɗauke shi aiki.

Kun tuna yadda network yake, sai ya ga dama. Sai Malam ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da aka yar a sito, ko allo ba ta da shi, ya gyara ta ya mai da ita server, ya ja waya daga jikinta zuwa duk kwamfutocin aji. Duk manhajar da muke buƙata tana ciki. Ka buga layi ɗaya kawai ta sauko, ba ruwanka da data. Rumbu yake ce mata. Duk Asabar sai ya hau keke tun daga gidansa a Tumfure zuwa ofishin wani abokinsa mai intanet mai ƙarfi, ya kwaso sababbi ya zuba. Wata biyar yana wannan tarin.

Ni ba mai magana ba ce, a ƙarshen aji nake zama da littafin soyayya a cikin hijabi. Ya gani, bai taɓa tona ni ba. Sai dai ya ƙwanƙwasa teburina ya ce, "Malama, idan sun gama kukan a dawo aji."

Wata rana ya miƙo min ƙaramin hard disk da yake ajiyewa a cikin tsohuwar hularsa. Ya ce duk Juma'a in kwafe abin da ke cikin Rumbu a kai, in sa hannu a takardar da ke manne a bango, saboda ko ta lalace wata rana. "Ke na zaɓa don ba ki da rawar kai."

Sai wata ƙawata ta zo da littattafan nan da ake karantawa da murya, sun fi ɗari. Wayata ba wuri. Na ce bari in ɗan ajiye su a hard disk ɗin. Shi ma wuri bai isa ba. Na goge na Malam, na ce wa raina Juma'a mai zuwa zan mayar.

Juma'a bakwai ina sa hannu a bango ban kwafe komai ba.

Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi, Rumbu ta ƙone. Malam ko a jikinsa. Ya ce wa Alhaji, "Kwantar da hankalinka, muna da kwafi." Ya jona hard disk ɗin a gaban aji duka, ya ga sunaye da bai gane ba, ya danna ɗaya. Sai muryar mace ta cika ajin tana cewa ba za ta iya rayuwa babu masoyinta ba.

Aji ya fashe da dariya.

Alhaji ya ce, "Af, ashe wannan ake zuwa kwasowa duk Asabar? Da furfurarka? Dama ku da kuka zo daga can, Allah kaɗai ya san abin da kuke ɓoyewa a akwatunanku." Wani daga baya ya ce, "Malam Masoyi!" Sunan ya bi shi har titi.

Na yi dariyar nima. Da ƙarfi ma, don kar a kalle ni.

Sau ɗaya ya dube ni. Sannan ya ce, "Sakacina ne, Alhaji." Ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari aka ce an sallame shi, kuma Alhaji ya bi sauran makarantu ya ɓata shi, babu wanda ya ƙara ɗaukarsa. Shi ya sa ya kafa tebur a tasha yana cajin wayoyi.

Na rubuta masa wasiƙa, shafi uku. Na faɗi komai. Wata shida tana cikin littafina.

Sati biyu da suka wuce na raka Umma tashar. Na ja hijabi na rufe fuska amma ya gane ni. "Malamar Rumbu!" Ya saya min ruwan leda, ya tambayi karatu. Hannuna yana kan wasiƙar, wallahi yana kai. Sai ya yi murmushi ya ce, "To ya aka ƙare? Ta auri masoyin nata dai?"

Na ce eh. Ya ce, "Madalla, ko ba komai wani ya ji daɗi." Umma ta kira ni, na tafi da abata.

Yau ina ganin waɗanda suka raɗa masa Malam Masoyi suna ɗora hotonsa, wai mutumin kirki. Har Alhaji ya rubuta cewa ya yi rashin ɗan'uwa. Ba ni da bakin zaginku, na fi ku duka.

Ya Allah ka jiƙan Malam Modu, ka karɓi shahadarsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min ban cancanta ba. Ka ba Anti Falmata matarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Kar wanda ya rubuto min cewa ƙaddara ce, na sani. Shi dai ku roƙa wa.

Anti Falmata har yau tana jin ana cewa mijinta ya zubar da aikinsa a kan labaran banza. Ba ta iya karatun boko ba. Anjima zan bi Umma gaisuwa Tumfure, in durƙusa in ba ta wasiƙar, in ta yarda in karanta mata da bakina a gaban duk wanda ke ɗakin.