Rekiya, Wadda Ta Rage Mana Tsayuwa a Daji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Malama Rekiya, mai koyar da kwamfuta a Ƙaura Namoda, bayan gajeriyar jinya. Ina tashar Shinkafi mijinta Mubashir ya kira ni. Abin da ya fara fita bakina shi ne, "A wace hanya?" Ya ce, "Ba hanya ba ce, Yaya Nasidi, a gadon asibiti ne." Haka muka koma a yankin nan.

Rekiya, ni direba ne, kuma kin daɗe kina tsoron sana'ata. Duk ranar da na ɗauki fasinja zuwa Shinkafi ko Zurmi, ba kya iya cin abinci sai na dawo. Wannan tsoron ne ya sa kika yi mana shafi a intanet, inda amintattun mutanen garuruwan kan hanya suke sanar da halin da ake ciki: ko lafiya lau, ko an ga 'yan bindiga. Ba ki karɓi komai a hannun kowa ba.

Sai dai shafin yana da nauyi. A hanyar, wuri guda ne sabis na waya yake kamawa sosai, wani tudu nesa da gari. Nan muke tsayawa mu jira, garuruwan suna fitowa a shafin ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki ƙorafi, kika ce a makaranta yana buɗewa nan take. Na ce to ki zo ki gani.

Kika biyo ni cikin damina, gero ya fi mutum tsayi hagu da dama. Na tsaya a tudun, wayar tana hannunki. Gari ɗaya ya fito, sauran shiru. Sai muka ji rurin babura daga cikin gonaki. Wata tsohuwa a baya tana ta salati. Ban san ko in yi gaba ko in juya ba, domin labarin garin da ke gabanmu bai fito ba. Na ga gumi yana bin fuskarki. Da baburan suka ɓullo, ashe manoma ne ɗauke da buhunan taki. Babu wanda ya yi dariya.

Muka isa tasha. Kika ce, "Yaya, kullum haka kuke tsayawa?" Na ce kullum.

A gida kika yi mini bayani. Wayar tana aika tambaya kan gari guda zuwa na'urar da ke ajiye bayanan, ta jira amsa, sannan ta aika ta gaba. Inda sabis ke da ƙarfi ba a lura, amma a daji kowace tafiya da dawowa jira ce. Kika ce, "Kamar ka riƙa kai fasinja Shinkafi ɗaya-ɗaya ne, mi zai hana ka cika mota?" Kika sake rubuta shafin, duk tambayoyin suka koma tafiya a dunƙule, amsoshin su dawo a dunƙule. Daga nan ko birki ba ma takawa sosai. Fasinjan gaba ya danna, labarin hanya gaba ɗaya ya fito.

Wata ranar kasuwa, da mota cike, muka hau tudun nan sai na ga shafin ya nuna ja, alamar haɗari, a kan wata gada da ke gabanmu. Na juya a guje. Motar da ta wuce mu ba da jimawa ba, direbanta ba shi da babbar waya. An tare su, kuma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Da na gaya miki ba ki yi murna ba. Kuka kika yi, kina tambayar yadda za a yi saƙon ya isa ga masu ƙananan wayoyi. Aikin da kike kai ke nan ciwo ya kwantar da ke.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Direbobi suna zuwa gaisuwa, su yi addu'a, sannan su yi ƙasa da murya su ce, "Yanzu wa zai kula da shafin?" Madam Agnes, abokiyar aikinki, ta ce za ta riƙe shi iyakar iyawarta. Jiya na koma hanya karon farko. Da na dawo lafiya, na ciro waya in sanar da ke, sannan na tuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga Innarmu, da Mubashir, da ɗiyarki Salima, da ɗalibanki. Allah Ya jiƙanki, Rekiya, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa rayukan da aka tsira da su ta dalilinki su yi miki shaida. Waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Allah Ya dawo da su ga iyalansu. Ke da kika rayu cikin fargaba saboda mu, Allah Ya amintar da ke daga duk wani tsoro. Amin.