Garka a Makwancin Shanu

Wata safiyar Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da shanu suka mutu, tun Nasara ba su shigo ƙasar Sakkwato ba. Na fito daga ɗaki da buta a hannu, sai na hango Inna durƙushe a tsakiyar makwancin shanunmu, ta ɗaure zane a ƙirji, tana saran ƙasa da fartanyar Baba. Ban taɓa ganin fartanya a hannunta ba, kuma duk wanda ya ji yadda saran ke faɗuwa ya san ba ta iya ba. Turakun maruƙa suna nan a jere babu komai a jikinsu, sai guda ɗaya can ƙarshen shinge, inda karsanar da ta rage mana take tsaye tana tuƙa. Shekarata tara ko goma a lokacin. Inna ba ta kiran sunana saboda ni ce 'yar fari, don haka ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ke ɗiyar ga, aje butar ki zo ki farfasa mini kashin shanun ga.”

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kebbe. Muna noman gero da dawa kamar kowa, amma shanu su ne mutuncinmu. Kayan miya kuwa Inna ba ta taɓa shuka su ba, ba ta kuma taɓa jin zafin sayensu ba. Takan ɗauki nono da man shanu ta shiga Kebbe, ta dawo da daddawa da albasa da kuɓewa da gishirin Foga, har da ragowar kuɗin wuri ƙulle a bakin zane. Sai ciwon nan ya zo. Saniya za ta fara hawaye, baki ya dinga dalala, zawo ya tsinke, kafin a ce me ta kwanta. Baba da maƙwabta suka yi ta jan mushe zuwa bayan gari har suka gaji suka bari, ungulaye suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Warin ya zauna a cikin tufafinmu wata da watanni. A garkenmu duka karsana ɗaya ce ta yi ciwon ta tashi, mu yara muka sa mata suna Saura. Baba ya hana mu ambatonta a gaban baƙi don gudun baki.

Bayan an fitar da zakka, hatsin da ke rumbunmu zai kai mu sabon gero, in dai tuwo kawai za a yi da shi. To amma ba a cin tuwo gaya kullum, kuma babu nonon da za a musanya. Kowace kasuwa sai Inna ta ɗebi gero ta kai a ba ta kayan miya, kuɗin wurin da ta tara kuwa ya daɗe da ƙarewa. Ran nan Baba ya hau ya leƙa rumbu, ya sauko ya zauna, ya faɗa mata a gabanmu cewa in hatsi ya ƙare kafin a yanke sabo, ba abin sayarwa a gidan sai Saura. Akwai wani mutum gaba da Kebbe wanda bijiminsa ya tsira, ya yi wa Baba alkawarin in ruwa ya sauka ya kai ta wurin bijimin. A kan wannan alkawari Baba ke kwana yana tashi, domin daga cikin karsanar nan yake ganin garkensa zai dawo. Shi ya sa Inna ta ce ta daina kai gero kasuwa, garka za ta yi, miyarta a gida za ta shuka. Ta aika wa Goggo Ige, ƙanwar Baba da ke auren wani mai lambu a Tambuwal, fatake suka kawo mana iri ƙulle a tsummoki: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, gauta da albasa.

Da farko abin ya ba mu sha'awa. Ƙasar makwancin baƙa ce wuluk, ta sha taki tun zamanin kakana, ga sauran laimar damina. Ganye ya taso kamar ana jansa da hannu. Aka sa ƙanena Bube gadin kaji da awaki, ya riƙa zaga shinge da ɗan kara yana yi musu irin tsawar da yake jin Baba na yi wa shanu. Ni kuma in na dawo makarantar allo sai cire ciyawa, in kai wa Saura, sa'an nan in samu fita gaɗa in Inna ta yi sake. Matan unguwa kan leƙo ta kan danga su ce, “Masu shanu sun koma kiwon ganye.” Inna kuwa sai ta ci gaba da aikinta. Ranar da ta yi miyar farko da alayyafon hannunta, na ga ta yi dariya har haƙoranta sun fito, abin da rabonmu da gani tun kafin ciwon.

Da ɗari ya shigo ƙasa ta bushe, dole aka fara ban ruwa. Rijiya biyu gare mu. Akwai ta cikin gari mai ruwan daɗi, wadda mata ke cika bakinta tun asuba, galibinsu waɗanda suka saba sayen nono a hannun Inna. Akwai kuma tamu ta masu shanu, can gefen fadama, wadda kakanninmu suka haƙa, ruwanta zartsi ne, mai kanwa-kanwa. Mutum ba ya shansa sai da larura, amma shanu suna ribibinsa, kuma duk makiyayi ya san saniyar da ta sha shi tana cin ciyawa da kyau, gashinta ya yi sheƙi. Inna ba ta son tsayawa a rijiyar gari ana yi mata jaje da baki ana dariya da ido. Baba kuwa ba don kunya ya zaɓa ba, ya gaskata ne har zuciyarsa. Ya ce, “Ruwan ga shi shanunmu sunka sha sunka yi ƙiba. Mi za shi hana ganye?” Babu wanda ya ga abin musu a maganar, mu duka haka muka sani.

Ni da Inna muka ɗauki tuluna. Rijiyar da nisa, ga hanyar duk ƙasusuwa, farare tas, wasu da ƙahonsu. Safe da yamma muke zuwa. Gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai, ƙafafuna suka yi faso, in ruwan ya zubo ya shiga ciki sai in ji raɗaɗi har ƙwaƙwalwa. Jikin tulun yakan yi fari-fari in ya bushe, muka ɗauka ba komai ba ne. Na tsani rijiyar nan, amma ina zuwa ba tare da an kira ni ba, saboda na san don Saura muke yi.

Ba a daɗe ba bakin ganyen alayyafo ya fara ƙonewa. Albasa ta tsaya cak, kuɓewa ta zubar da fure, saman ƙasa ya yi wani farin ɓawo. A nan ne Baba ya shigo aikin da kansa, ya kuma yi shi yadda ya iya. Kowace safiya yakan bi kunya-kunya da sanda a kafaɗa, yana tsayawa kan kowane tushe yana dubawa kamar yadda yake duba maruƙa. Saniya in ta rame kanwa ake ƙara mata, don haka ya ce shukar ta rame ne, ruwan bai ishe ta ba. Muka ƙara sawu. Da ya ga ba sauƙi, ya ɗauko ragowar kanwar shanu da ke rataye a zaure, ya daka, ya jiƙa, ya bi tushen gauta yana zubawa da ludayi. Har laya ya karɓo ya ɗaura a ƙofar shinge, don yana zaton bakin matan unguwa ne. Ina tuna shi durƙushe yana yi wa yakuwa magana ƙasa-ƙasa, da muryar da yake lallashin saniya mai naƙuda. Tausayinsa nake ji yanzu, a lokacin kuwa tsoro ne ya kama ni.

Muka koma miyar kuka tsura, wadda ba daddawa ba gishiri, wata rana ma ruwan tsamiya kawai. Gefen bakin Bube ya tsattsage, ya daina cin tuwon, in an matsa masa ya yi amai. Inna ta jure iya jurewarta, sa'an nan ta koma ɗibar gero tana kaiwa kasuwa, ga shi komai ya yi tsada saboda kowa a matse yake. Baba yana gani, bai hana ba.

Da bazara ta kusa Goggo Ige ta biyo ayari ta zo gaishe mu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a nuna mata garkar. Ta tsaya a ƙofar shinge ta daɗe, ta sunkuya ta dangwali farin ɓawon nan ta sa a harshe, ta tofar. Ta ce, “Yaya, wane ruwa kunka ba ta?” Baba ya faɗa mata, har da kanwar, yana faɗa kamar mai ba da labarin ƙoƙarinsa. Goggo ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ta ce, “Wayyo Yaya, ganye ba saniya ba ne. Kun kashe shi, kun kashe ƙasar.” Baba ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya fita, sai magariba ya dawo. Iri ya ƙare, rijiyar gari ta ja baya har ana kwana a bakinta, ba halin a sake sabuwa.

Gab da saukar ruwa aka zura ni cikin rumbu da tsintsiya na share gindinsa, abin da na tara bai cika ƙwarya ba. A Kebbe babu mai ƙarfin sayen saniya a shekarar, sai Baba ya jira fatake masu zuwa Tambuwal, don hanyar ba a binta mutum ɗaya saboda mahara. Ranar tafiyar ya wanke Saura da hannunsa, ya ba ta dusar da ta rage. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ni na raka su har bakin fadama, karsanar tana tafe tana shinshinar bayan rigarsa kamar yadda ta saba in za su kiwo, ya juyo ya ce mini, “Koma gida, abin da nika so ke nan.” Bayan kwanaki ya dawo da jakai na aro ɗauke da hatsi da gishiri da daddawa. An sayi Saura da daraja, domin saniya ta zama abin nema. Ranar Inna ta yi miya mai kyau, mu yara muka ci har muka lashe kasko, ba zan ɓoye ba. Baba ya wanke hannu ya sa a akushi, ya cire, ya ce ya ƙoshi.

Ruwa ya sauka ba da jimawa ba. Ciyawa ta rufe daji har ƙugu, irin wadda makiyayi ke roƙon Allah ya gani, ba mai cinta. Mai bijimin nan ya aiko yana tambaya ko har yanzu za a kawo karsanar. Baba ya yi noma har ƙarshen ransa, ya ciyar da mu, amma bai sake mallakar ko maraƙi ba, kuma ko a gidan suna aka miƙo masa nono sai ya kau da kai.

Yau ina Tambuwal, inda aure ya kawo ni, na ga jikoki har da 'ya'yansu. Bayan ɗakina akwai garka, da ruwan daɗi ake ba ta, albasa da alayyafo har kyauta nake yi, ba a kai kwabona kasuwa don miya. Shanu sun sake cika ƙasa. Da kaka nakan ji su suna wucewa ta bayan gari za su yi kudu, wajen Kebbe, in fito ƙofa in tsaya har na ƙarshe ya shige, ina duba wadda ta fi kyau kamar wani zai tambaye ni. Da hantsi kuma in kira mai talla in miƙa mata ƙwaryata. 'Yar masu shanu ce ni, na tsufa ina sayen nono.